Ga ɗan'uwan da ke neman abokan barin giya a Damagaram

Ƙanena, ka ce kullum sai ka sha, ka yi ta ƙoƙarin bari kai kaɗai abin ya faskara, kana tambaya ko a nan Damagaram akwai inda masu wannan lalura ke haɗuwa su riƙa juna ba tare da magana ta kai gida ba. Na bi ta hanyar nan, don haka ka yi haƙuri in na ja zance.

Kafin ƙungiya akwai abin da ya fi gaggawa. In hannunka na rawa da safe, ba ya lafawa sai ka kurɓa, kada ka yanke sha dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba yakan fara karkarwa, zufa da amai tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Wani ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. A kwana na biyu ko na uku wani ya ruɗe, ya riƙa ganin abin da babu, ƴan gida su ce iskoki ne, alhali rashin giyar ne, kuma yana iya kisa. Ka fara da CSI, wato ƙaramar likita ta unguwarku, ka faɗa wa ma'aikacin jinya gaskiyar yawan abin da kake sha. In abin ya fi ƙarfinsu su tura ka babbar likita. Akwai maganin da ke kwantar da jiki a kwanakin nan, da bitamin B1 da giya ke ƙarar wa mutum. Kada ka sayi ƙwaya wajen mai talla.

To, ƙungiya. Wadda ta fi shahara a duniya ita ce AA (Alcoholics Anonymous), ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su bar giya, wadda aka kafa a 1935 a Akron ta Amurka. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kama cikakken suna, sharaɗinta ɗaya: kana son barin sha. Suna zama ta intanet da Faransanci, in kana ji kuma kana da kuɗin data, ka shiga ka saurara, ba dole ka kunna kyamara ba. Amma abin da ya fi amfanata a tarihinta shi ne mutum biyu suka fara ta, Bill Wilson da likita Bob Smith, dukansu mashaya ne da suka gane cewa hira da wanda ya san ciwon ita ke hana su komawa.

Shi ya sa nake cewa kada ka yi ta yawo daga Birni zuwa Zango kana neman allo a bakin ƙofa. Garinmu kowa ya san kowa, wa zai shiga gidan da aka rubuta wa suna? Ta bakin mutane ake samunsu. Ka tambayi ma'aikacin jinyar ko ya san wani da ya bari, wanda zai yarda a haɗa ku. Ka tuna kuma mutanen da kuke zama tare a wurin sha, waɗanda aka daina gani. Ni ta haka na sami nawa: wani ɗan kabu-kabu da muka daɗe muna sha tare, na tare shi na tambaye shi yadda ya yi. Shi ya kai ni wajen wasu biyu.

Zamanmu bai wuce na fada ba: tabarma, butar shayi, bayan isha, wato daidai lokacin da ƙafa ta saba ɗaukar mutum zuwa can. Wannan lokacin ne maƙiyinka, ya fi kwalbar kanta. Kowa ya faɗi yadda satinsa ya kasance, ba mai katse wani, abin da aka faɗa a tabarma a nan yake kwana. Wanda sha'awa ta taso masa tsakar dare yana da lambar da zai kira. Ranar albashi ko ranar da ciniki ya yi kyau, mukan fi sa wa juna ido.

Liman mai rufin asiri babban gata ne, mu ma wani dattijo ya riƙe mu da addu'a da nasiha. Sai dai wa'azi kaɗai bai isar mini ba, don ban taɓa shakkar haramcinta ba, ina sane nake sha. Abin da na rasa shi ne wanda zan ce wa "jiya na kusa" bai zare mini ido ba.

Ka guji duk wanda ya ce ka kawo jikka kaza ya raba ka da ita cikin kwana uku, da inda ake sa wa mutum mari a ƙafa ko a doke shi. Haka zaman da aka bar giya aka koma tramol, wannan sauya ubangida ne kawai.

Batun gida kuwa, ba sai kowa ya ji ba, amma kwanakin farkon nan dole mutum ɗaya ya sani, yaya ko matarka, wanda zai kwana kusa da kai ya garzaya da kai likita in jiki ya rikice. Ka zaɓe shi tun kafin ka sa ranar.