Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Nawa Zan Taya A Wasan Birij?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wata biyu kenan ina koyon birij, wasan kartar nan na mutum huɗu biyu-biyu, a waya, raba karta da bin kala duk na gane, tayin nan ne ya hana ni sakat. Jiya aka raba min sifed guda biyar har da As da sarki, ga sarkin hat, sarauniyar daimon da jak ɗin kulob, na ga hannu ya yi kyau kawai na taya sifed 4, aka kayar da mu da ci biyu, wato zagaye biyu suka rage mu cika tayin, abokin wasana ya fice ko sallama babu. Ina laifina? Kuma in an shimfiɗa kartar ɗan kallo (abokin wanda ya ci tayi, da ke buɗe kartarsa kowa ya gani) sai kaina ya ɗaure. Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa laifi kam akwai, amma irin na kowane ɗan koyo ne. Mu ƙirga hannun naka tukuna. As maki 4 ne, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, duka karta 52 ɗin maki 40 ne a cikinsu. Kai kana da As da sarakuna biyu da sarauniya da jak, maki 13 kenan, ya isa buɗe tayi, amma sifed 1 ya kamata ka ce.

Abin da ya kuɓuce maka shi ne duk tayin da ka yi ana ɗora shi ne a kan ci shida, wato sifed 4 alkawari ne za ku ci goma cikin goma sha uku, kuma wannan yana so ku biyun ku haɗa maki 25 ko 26, kai kuwa ba ka san ko abokinka maki uku gare shi ba. Shi tayi hira ce tsakaninka da wanda ke zaune gabanka, ka faɗi kaɗan ka saurare shi. Ka ce sifed 1, in ya amsa da sifed 2 yana gaya maka ne yana da sifed uku ko fiye da maki 6 zuwa 9, to ka haɗa da 13 ɗinka ka ga ba ku kai ba, sai ka ce fas, wato ka wuce ba ƙarin tayi, ka zauna lafiya da ci takwas. In ya yi tsalle zuwa sifed 3 ne za a fara tunanin 4. Wani abin ma, a wajen 'yan wasa buɗewa da sifed 4 tana nufin sifed bakwai ko takwas da maki kaɗan, ana yi ne don a toshe wa abokan hamayya baki, ka ga kenan labarin ƙarya ka ba mutuminka, shi ya sa ya yi zuciya (ko da yake ficewa ba sallama ma ba hali ba ne). Tun 1925 da Harold Vanderbilt ya gyara lissafin wasan, garaɓasar gem, wato babban tayi irin sifed 4, sai wanda ya taya ta kuma ya cika, wannan kwaɗayin ne ke jan mutane.

Batun ɗan kallo kuma, wallahi saurin hannu ne ke kashe mutane. Da an shimfiɗa kar ka taɓa komai, tsaya ka ƙirga ci nawa za ka iya rasawa, a sifed 4 uku kawai aka yarje maka, in ka hango huɗu to tun yanzu za ka nemi inda za ka zubar da ɗaya. Sannan ka ƙirga kalar yanka, wato kalar da aka taya wadda ke yanke sauran: in kuna da sifed takwas, biyar na waje, kuma kusan kashi 68 cikin ɗari 3 da 2 suke rabuwa, zagaye uku ya share su. Yawanci ka fara zare su kafin a yanke maka manyan kartarka, sai dai in kana so ɗan kallo ya yanka maka wata kalar tukuna.

Ga dabara ɗaya ka gwada yau da dare. In ɗan kallo yana da As da sarauniyar daimon ba sarki, kar ka buga As ɗin, fito da ƙaramin daimon daga hannunka, na hagunka in ya sa ƙarami ka ɗora sarauniya. In sarkin yana wajensa ka ci biyu kenan, in yana ɗaya ɓangaren ka rasa ɗaya, rabi da rabi ne.