Ajiye kuɗinka, wutsiyar maganin za ka fara dubawa

Tambaya: Salam Yaya, ni ɗalibin famasi ne aji uku, a jarabawa sai a zana mana magani a ce mu faɗi sunansa, su beta blocker ɗin nan, magungunan zuciya da hawan jini, wallahi duk kama suke min. Abokina ya ce in sayi akwatin ƙwallayen robar nan da ake haɗa molekul, ko in biya kuɗin wata manhaja. Wanne ya fi?

Amsa: Ƙanina ko ɗaya, biro da takarda sun ishe ka, zanen duk yana shafin intanet na PubChem kyauta. Ƙwallayen suna taimakawa wajen gane S da R, wato siffofi biyu na molekul ɗaya kamar hannun dama da na hagu, dama a yawancinsu S ɗin ne ke yin aikin, amma ba su za su gaya maka suna ba.

Fara neman wutsiyar: zobe, sai O, sai CH2, sai CH mai ɗauke da OH, sai CH2, sai NH da isopropyl ko tert-butyl a ƙarshe. Ka gan ta to ka kusa gamawa, saura zoben. Zobe biyu manne da juna propranolol ne, wanda James Black ya samar a kamfanin ICI na Ingila a shekarun 1960, ya kuma ci Nobel a 1988. In zobe ɗaya ne da wani abu rataye a daidai kishiyar wutsiyar, wato para, to abin da ke rataye shi ne sunan: CH2CONH2 atenolol, CH2CH2OCH3 metoprolol, in ya yi tsawo da O biyu ya ƙare da isopropyl bisoprolol, in ester ne esmolol, shi ya sa jini ke saurin farfasa shi, rabinsa ya tafi cikin kamar minti 9. Su na para ɗin nan zuciya suka fi kamawa, wato makamar magani da ke zuciya da ake kira beta 1. Zobe mai kusurwa biyar da sulfur ɗaya da N biyu ga morpholine a gefe, timolol ne, na ɗigon ido na masu gulakoma.

Inda malamai ke kayar da mutane sotalol da labetalol, babu OCH2 ɗin nan a jikinsu, kuma kar ka ga "ol" a ƙarshen salbutamol ka ruɗe, shi buɗe hanyar numfashi yake, kishiyarsu ne.

Tambaya: Yaya, Babanmu atenolol yake sha, ya ƙare, mai kemis ya ce in ɗauki propranolol wai duk ɗaya ne. Baba yana da asma.

Amsa: Ƙanwata kar ki saya, ba ɗaya ba ne sam. Propranolol har beta 2 na huhu yake toshewa, zai iya tayar masa da asmar ta yi muni. Ki nemi atenolol ɗin a wani kantin yau ɗin nan, don shi ma ba a daina shi kwatsam, bugun zuciya da hawan jini na iya tashi, in ba a samu ba ku kira likitan da ya rubuta masa shi ya canza da kansa.