Amsar tambayar Oga kan garin nano a bayodizal

Assalamu alaikum 'yan gida. Oga, na saurari saƙonka, wai garin nan da ake ce wa nano, in an zuba shi a bayodizal, da gaske inji na ƙara ƙarfi hayaƙi ya ragu? E, akwai ƙamshin gaskiya, amma tsaya ka ji.

Shi bayodizal, na man tsirrai ne ko na man suya da aka gama da shi, ya fi dizal kauri, kuma ƙarfin lita ɗayansa ya gaza na dizal da wajen kashi 8 cikin ɗari. Baƙin hayaƙi na raguwa da shi, sai dai iskar NOx, wato gurɓatacciyar iskar naitirojin da inji ke fitarwa, takan ɗan ƙaru. Wannan giɓin ake son cikewa.

Garin kuwa, ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 100, silin gashi ɗaya ya ninka ta sau ɗaruruwa. Akwai na alminiyam, na zink, na titaniyam, amma wanda ya fi suna shi ne seriyam oksayid. Shi wannan yana riƙe iskar oksijin, in wuta ta kama a silinda ya sake ta, sai mai ya ƙone sosai, kunkunniya ma ta ci wuta ba sai zafi ya yi tsanani ba. Kuma ɗan mitsitsi ake sawa, galibi 25 zuwa 100 cikin miliyan. Ba sabon abu ba ne ma, a shekarar 2000 Peugeot ta fara amfani da sinadarin seriyam don ƙone dattin filtar salansa.

To ga inda gizo ke saƙa. Garin nan ba ya narkewa a mai, Oga. Na'ura mai girgiza da sauti ke warwatsa shi, a haɗa da sinadarin da ke hana shi cuɗewa. In ba haka ba, ya dunƙule, ya kwanta a gindin tanki, famfo ya zuƙo shi, filta ta toshe, bakin nozul mai fesa mai a silinda ya ci. Ramin nozul kuwa ka san yadda yake, da ƙyar ido ke ganinsa. Sannan garin na ƙarfe ne, ba ya ƙonewa, ko dai ya zama toka a filtar salansa, ko ya fita iska mutane su shaƙa.

Yawancin gwaje-gwajen ma a ƙaramin inji mai silinda ɗaya aka yi su, na 'yan awoyi, ba babbar mota mai dogon zango ba. Don haka don Allah kada ka sayi gari ka juye a tanki da hannunka. In bayodizal za ka sa, duba littafin motar tukuna, ya yarda da B20 (bayodizal kashi 20 cikin ɗari a dizal) ko iyakarsa B7 (kashi 7), kuma ka canza filtar mai da wuri, don bayodizal na wanko tsohon dattin tanki.