Filash mai makulli ko katin memori?

Tambaya: Sakatariya ce ni a ofishin wani lauya a Kaduna. Kwanaki na manta filash ɗina a shagon buga takardu, sai washegari na karɓo shi, ga takardun gadon mutane da na filayensu a ciki. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In sayi filash mai makulli, ko in zuba komai a katin memori na wayata?

Amsa: Malama, ki sayi mai makullin. Amanar mutane ce a hannunki, ta fi kuɗinsa nesa ba kusa ba.

Wanda nake nufi shi ne mai 'yan maɓallan lamba a jikinsa, irin Kingston IronKey Keypad 200 ko iStorage datAshur. Kafin ki soka shi a kwamfuta, sai kin danna lambar sirrinki da yatsa. Wata 'yar na'ura a cikinsa ce ke hargitsa bayanan da tsarin AES-256, kuma lambarki ba ta taɓa ratsa kwamfutar shagon, balle wata muguwar manhaja ta ɗauke ta. Wanda ya tsince shi ya yi ta canke, in ya kuskure sau 10 a jere, komai ya goge. Wannan dokar har ke ta shafa, don haka ki ajiye kwafi na biyu a ofis, shi ma a kulle.

Ki duba shaidar FIPS 140-2 ko 140-3 a kwalinsa, wato shaidar cewa ya ci gwajin tsaro na gwamnatin Amurka. Ina nanata wannan ne saboda a 2018 masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun buɗe wasu ma'ajiyai na Samsung da Crucial ba tare da kalmar sirri ba, alhali an sayar da su a matsayin masu kulle kansu.

Katin memori kuwa, yawancinsu ba su da makulli na kansu. Ɗan maɓallin da ke gefen babban katin SD rubutu kawai yake hanawa, kowa na iya karantawa. Wasu wayoyin Android suna kulle katin, amma mabuɗin na cikin wayar. Ranar da ta faɗa ruwa ko mai gyara ya wanke ta, katin ba zai buɗu a ko'ina ba.

In kuɗin bai samu ba yanzu, ki kulle filash ɗinki da manhajar VeraCrypt, kyauta ce, ko BitLocker To Go in Windows ɗin ofishinku Pro ce. Takardar da za a buga kuma, ki kai ta ita kaɗai a wani filash daban.