Tambayoyinku Kan Ɗora Linux a Kwamfutar Gida

Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM 4GB, Windows 10 ce a kanta, kuma ta ƙi karɓar Windows 11. Wani abokina ya ce in ɗora mata Linux, amma ina tsoron rasa hotuna da takarduna. Ina mafita?

Wa alaikumus salam. Shawarar abokinka ta yi. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da take bai wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesa na kwanan nan, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Yana ƙona mini rai in ga an jingine kwamfuta mai ƙoshin lafiya saboda wannan kawai.

Linux babbar manhaja ce ta sarrafa kwamfuta da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Kyauta ce, kuma kowa na da damar duba yadda aka rubuta ta. Tana da ire-ire da yawa. Ga wanda hannunsa ya saba da Windows, ni Linux Mint nake zaɓar masa, kuma da RAM 4GB ka ɗauki samfurin Xfce, don ya fi sauƙin nauyi.

Kafin komai, kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani faifan ajiya na waje, sannan ka buɗe wasu daga cikinsu a can ka tabbatar sun kwafu. Bayan haka ka sauke Mint daga shafinta na asali, ka samu filas mai 8GB wanda babu abin da kake so a ciki, domin za a goge shi tas, ka yi amfani da Rufus ko balenaEtcher ka rubuta ta a kai. Sake kunna kwamfutar kana danna madannin zaɓen inda za ta tashi: yawanci F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP.

Ga inda nake so ka tsaya ka natsu. Mint za ta tashi daga filas ɗin ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutarka ba. Kada ka yi gaggawar danna madannin ɗorawa. Gwada Wi-Fi, saurari sauti, kunna kyamara, jona firinta, buɗe takardunka na Word a cikin LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa tare da Mint, ka ga ko tsarinsu ya zauna daidai. Za ka ji tana ɗan jan ƙafa, wannan daga filas ɗin ne. Mafi yawan koke-koken da ake aiko mini, da an yi wannan gwajin na awa ɗaya da an gano su tun kafin a goge komai. In ka gamsu, sai ka ɗora. Zaɓin da ke cewa a goge faifai gaba ɗaya zai tafi da Windows da duk abin da ke ciki, wanda ke cewa a ɗora a gefen Windows kuma zai bar maka duka biyun.

Malam, na ɗora Mint lafiya, amma babu alamar Wi-Fi ko kaɗan. Ni ɗaliba ce, aikina ya tsaya.

Malama, kwantar da hankalinki. Galibi direban katin Wi-Fi ne babu, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin ya yi aiki, kuma an fi ganin haka a katunan Broadcom. Jona wayarki da kebul na USB, ki kunna raba intanet ta kebul a saitin wayar. Kwamfutar za ta samu intanet nan take. Sai ki buɗe Driver Manager, ki zaɓi direban da ya ba da shawara, ki sake kunna kwamfutar. Ki kuma duba ko ba a taɓa madannin yanayin jirgi bisa kuskure ba.

Ina so in haɗa Ubuntu, wani nau'in Linux, da Windows a kwamfuta ɗaya, amma wajen ɗorawa ba ta ganin faifan ajiyata.

Ɗan'uwa, ina kyautata zaton faifanka na kan tsarin Intel RST ne a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, sai an mayar da shi ɗaya tsarin mai suna AHCI kafin Ubuntu ta gan shi. Amma ka yi hattara: in ka canza kai tsaye, Windows na iya ƙin tashi. Fara saita Windows ta tashi a Safe Mode, yanayin da take tashi da muhimman sassanta kawai, sannan ka canza zuwa AHCI, ka bar ta ta tashi sau ɗaya a haka, sai ka fitar da ita daga Safe Mode. In BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, na kunne, rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda kafin ka taɓa BIOS, kuma ka kashe Fast Startup, saitin saurin tashi na Windows.

Bayan ka gama za ka iya tarar da agogon Windows ya kauce. Linux na ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya na bai ɗaya (UTC), Windows kuma a kan lokacin yankinka. Buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Ubuntu, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka gyara agogon Windows sau ɗaya.