Filin Tambaya da Amsa: Haɗa Tocilar Leza a Gida

Tambaya daga wani matashi mai koyon gyaran waya a Argungu: Malam, barka da ƙoƙari. Na ga bidiyon waɗansu Turawa suna ciro wani ɗan ƙanƙanin abu daga cikin tsohuwar na'urar DVD ta kwamfuta, su sa shi a gidan tocila, sai ya riƙa fitar da jan haske mai kunna ashana da fasa balan-balan. Ina da tsofaffin na'urorin a shagon maigidana, ina kuma da ƙarfen dalma da mita. Ta yaya zan haɗa tawa?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Abin da ka gani ana cirowa shi ne dayod na leza, wato ɗan ƙanƙanin abin da ke mai da wutar lantarki siririn haske mai ƙarfi, kuma gaskiya ne yana iya kunna ashana. Amma ba zan ba ka shawarar ka fara da shi ba, kuma zan gaya maka dalili kafin in nuna maka wanda ya kamata ka haɗa.

Ana auna ƙarfin hasken leza da miliwat, an kuma karkasa shi aji-aji gwargwadon ɓarnar da zai iya yi wa ido. Aji na 2 shi ne hasken da ake gani wanda bai wuce miliwat 1 ba, kuma an ɗauke shi mai sauƙin haɗari ne saboda mutum yakan ƙifta ido ko ya kau da kai cikin kamar kwatan daƙiƙa, kafin a yi ɓarna. Aji na 3R ya tsaya a miliwat 5, aji na 3B ya kai har miliwat 500, abin da ya haura haka kuwa aji na 4 ne. Dayod ɗin na'urar da ke rubuta faifan DVD yana iya ba da miliwat ɗari biyu ko fiye, wato ya yi nisa cikin aji na 3B, inda ƙiftawar ido ba ta da saurin da za ta ceci kowa. Ido yana tattara hasken da ya shiga cikinsa ya mai da shi ɗigo ɗaya a kan tantanin da ke can bayan ƙwayar, wanda likitoci ke kira retina, kuma wannan tattarawa tana ninka zafin hasken wajen sau dubu ɗari. Tantanin ba ya jin ciwo yadda fata take ji, saboda haka mutum zai iya ƙona shi bai sani ba, sai daga baya ya lura da wani baƙin tabo da ke bin duk abin da ya kalla, kuma sau da yawa tabon ba ya tafiya. Ba lalle sai ka haska idonka kai tsaye ba. A shagon gyaran waya akwai gilasan waya da bayan faifai da bakin sukurdireba mai sheƙi, kowannensu zai iya maido maka da hasken, ko ya aika shi fuskar mai jiran a gama masa gyara.

Akwai kuma wani tarko da masu bidiyon ba su cika ambata ba. Na'urar DVD tana ɗauke da dayod biyu, ɗaya ja mai tsawon zango (ma'aunin da ke bambanta launin haske) kusan nanomita 650 domin faifan DVD, ɗaya kuma mai nanomita 780 domin faifan CD. Na biyun ido ba ya ganinsa sai ɗan ja-ja mai rauni, don haka wanda ya kunna shi yakan zaci bai kama ba, ya kusanto da shi fuskarsa domin ya duba, alhali yana aiki da dukkan ƙarfinsa.

Abin da nake so ka haɗa shi ne jar leza wadda ba ta wuce miliwat 5 ba, in ka sami mai miliwat 1 ma ya fi. Duk ilimin da ke cikin babbar yana cikin ƙaramar: sarrafa karent (yawan wutar da ke gudana), kawar da zafi, da daidaita gilashin da ke tattara haske. Masu sayar da kayan lantarki suna da ɗan dayod ja da aka riga aka sa a gidan tagulla tare da gilashinsa. Waɗansu suna zuwa da rizisto, mai rage gudun wuta, a manne domin a ba su bolt 3 ko bolt 5, waɗannan batir da makunni kawai suke bukata, kuma ba za ka koyi abin kirki daga gare su ba. Nemi wanda babu komai a jikinsa, ka gina masa da'irar da za ta ciyar da shi da hannunka.

Dayod na leza ba ya jure a haɗa shi da batir kai tsaye. Yana da wani ma'aunin karent da in bai kai ba sai ya yi haske dushi-dushi kamar ƙaramar fitilar rediyo, da zarar ya haura kuwa sai hasken leza ya fito, kuma tazarar da ke tsakanin wannan ma'auni da wanda zai kashe shi ba ta da yawa. Ƙari a kan haka, in ya yi zafi yakan ƙara jan karent, ƙarin karent kuma ya ƙara masa zafi, har ya ƙone. Maganin wannan shi ne da'irar da ke riƙe karent a wuri ɗaya, kuma mafi sauƙinta ita ce ta LM317, ɗan guntun nan mai ƙafa uku da ake samu a tsofaffin na'urori da yawa. In ka fuskanci rubutun da ke jikinsa, ƙafafun suna kallon ƙasa, ta hagu ita ce ta daidaitawa, ta tsakiya ta fitar wuta, ta dama ta shigar wuta. Sai ka kai wayar fositib ta batir ga ƙafar dama, ka sa rizisto tsakanin ta tsakiya da ta hagu, sannan ka ɗauki wutar da za ta je ga dayod daga ƙafar hagu. Guntun yana riƙe bolt 1.25 a kan riziston kullum, saboda haka karent ɗin da zai wuce shi ne 1.25 a raba da yawan om na riziston. Mai om 62 zai ba ka karent kusan miliam 20 (miliam dubu ne amfiya ɗaya), mai om 47 kuma kusan miliam 27. Ƙananan jajayen dayod sukan yi aiki a wannan yanki, amma takardar bayanin naka dayod ɗin ce za ta yanke hukunci, kuma ka fara da ƙasa. Dayod ja yana cin bolt 2 da ɗoriya, da'irar kuma tana bukatar kamar bolt 3 na kanta, don haka batir ɗaya na litiyam mai bolt 3.7 ba zai isa ba, sai biyu a jere ko kuma batir mai bolt 9.

Kada ka gwada da'irar da dayod ɗinka na gaske. Jera dayod na 1N4001 guda uku tare da rizisto mai om 1, ka sa su a madadinsa, ka auna wutar da ke kan riziston da mita: kowane milibolt ɗaya da ka karanta miliam ɗaya ne. In lissafi ya yi daidai, sai ka cire batir. In ka sa kafasita, mai tara wuta, a bakin da'irar domin tausasa wutar, ka haɗa ƙafafunta da waya ta zubar da abin da ta tara kafin ka liƙa dayod, domin wannan ragowar kaɗai ta isa ta kashe shi. Yi liƙin da sauri, kada ƙarfen dalma ya daɗe a kan ƙafarsa.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum ya cire riga ya ji tana ƙara, lantarkin da ke taruwa a jiki yana iya lalata dayod da taɓawa ɗaya, don haka ka taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauke shi. A bazara kuwa, lokacin da zafin Kebbi kan haura digiri 40, kada ka ciro shi daga gidansa na tagulla, domin wannan gidan ne ke shanye zafinsa, kuma gidan tocila na alminiyam ya fi na roba. Wajen daidaita gilashin, ka haska farar takarda marar sheƙi da ke nesa, ka riƙa murzawa har ɗigon ya ƙanƙance. Ka sa makunni irin wanda sai an danne yake kamawa, domin in tocilar ta suɓuce daga hannu ta mutu da kanta. In ka ƙware a wannan kuma kana son ci gaba, je ka sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ka nemi malamin da zai duba aikinka.

Tambaya daga wani magidanci a Jega: Assalamu alaikum. Yarona ya sayo wata koriyar leza a kasuwa lokacin Sallah, an rubuta a jikinta cewa ba ta kai miliwat 5 ba. Zan iya barinsa da ita? In na ba shi baƙin tabarau ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A karɓe ta daga hannunsa yau. Rubutun da ke jikin irin waɗannan ba abin dogaro ba ne. A 2013 hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada lezar hannu guda 122, ta tarar kusan kashi 90 cikin ɗari na korayen sun saɓa wa ƙa'ida. Galibin korayen masu araha ba kore suke fara fitarwa ba. A cikinsu akwai dayod mai nanomita 808 da ke haska wani dutse, dutsen ya fitar da haske mai nanomita 1064, wani dutse na biyu ya raba wannan zango biyu ya zama 532, wato koren da ake gani. Biyun farko ido ba ya ganinsu, kuma kamata ya yi a sa matacin da zai tare su, amma masu neman arha sukan bar shi. Baƙin tabarau kuwa ƙara ɓata lamarin yake yi, domin duhunsa na sa ƙwayar ido ta buɗe, haske ya ƙara samun ƙofa. Gilashin masu walda ma ba a yi shi domin wannan ba. Tabarau na leza na gaske ana ƙera shi ne domin zangon haske takamaimai, kuma ana rubuta zangon da ƙarfin tarewarsa a jikinsa. In yaron ya riga ya yi ƙorafin tabo ko dishi-dishi a ganinsa, a kai shi ga likitan ido ba tare da jinkiri ba, in ta kama a wuce Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

A kuma ja masa kunne a kan abu biyu. Kada a haska jirgin sama, musamman ga mazauna kusa da filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, domin hasken yana bazuwa a gilashin gaban jirgi ya dushe wa matuƙi gani daidai lokacin sauka, kuma a Amurka tun 2012 laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyar. Sannan a halin tsaron da Kebbi da Zamfara suke ciki, ɗigon haske a ƙirjin mutum da dare, ko a kusa da shingen jami'an tsaro ko na 'yan sa-kai, ana iya ɗaukarsa saitin bindiga ne, kuma ba za a tsaya tambayar shekarun mai riƙe da shi ba.

Tambaya daga wata malamar kimiyya a Zuru: Wane amfani ƙaramar leza za ta yi mini a aji, tunda ba mu da ɗakin gwaji?

Amsa: Malama, amfaninta ya fi na kayan gwaji masu tsada da yawa, muddin ke kaɗai ce ke riƙe da ita kuma hasken yana ƙasa da tsayin idon ɗaliban da ke zaune. Ɗiga madara kaɗan a ruwan da ke cikin kwalba mai haske, za su ga hanyar da hasken ya bi da yadda yake karkata in ya shiga ruwa. Huda gorar ruwa daga ƙasa, ki haska hudar ta bayan gorar, za su ga hasken ya bi ruwan da ke zuba ya lanƙwasa tare da shi, kuma da wannan dabara ce zaren gilashi ke ɗaukar intanet a ƙarƙashin teku. Ki haska bayan faifan CD ki bar hasken ya faɗa kan bango, ɗigo da yawa za su bayyana, domin layukan faifan suna da tazarar maikuromita 1.6 a tsakaninsu. In kika canza zuwa DVD, wanda tazararsa 0.74 ce, ɗigon za su ƙara nisa da juna. A wannan gwajin ki tsayar da ɗaliban a bayanki, saboda faifai yana watsa hasken ta fuskoki da dama. Ɗaliban babban aji za su iya miƙe silin gashi ɗaya a gaban hasken, su auna tazarar ratsin da ya fito a bango da rula, su auna nisan bangon, su lissafa kaurin gashin ta amfani da zangon hasken, wato nanomita 650.