Tambaya da Amsa: Wane Albam Ne Zan Ce Nawa Ne?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan waƙa ne, shi ya sa na ɗauko huɗu na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum ban sa sunan kowa ba.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min. Ni da abokaina muka ce kowa ya kawo albam biyar da suka fi nuna ko shi waye, to ni mayen waƙa ne amma da na zauna zan rubuta sai kaina ya kulle, waɗanda nake ji kullum ina ganin kamar za a raina ni in na faɗe su, waɗanda ake yabawa kuma gaskiya ban cika jinsu ba. Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanina. Ai amsar tana cikin tambayarka, waɗannan da kake ji kullum ɗin nan da kake jin nauyin faɗa, su ne naka, su za ka rubuta. Abin da aka tambaye ka shi ne wanda ya nuna ko kai waye, ba a ce ka kawo wanda ya fi kowanne kyau a duniya ba, kuma wallahi ko masanan da kake jin tsoron ra'ayinsu ba su tsaya kan magana ɗaya ba. Mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da jerin albam 500 da ta ce sun fi fice a shekarar 2003, ta ɗora albam ɗin Sgt. Pepper na ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Beatles a kan gaba, What's Going On na mawaƙin Amurka Marvin Gaye yana na 6. Da aka sake jerin a 2020 aka tambayi wasu mutanen daban, sai na Marvin Gaye ya zama na ɗaya, wancan ya gangaro na 24. Ko sauti ɗaya bai canza a cikin faifan nan biyu ba, kunnuwan da suka zauna zaɓe ne suka canza. To in haka ne don me za ka aro kunnen wani ka rubuta sunanka a ƙasa?

Ga abin da nake so ka yi. Ɗauko wayarka ka duba, ranar da ta ce maka wuri ya cika ka shiga goge-goge, ka goge hotuna ka goge bidiyo, wane albam ne hannunka ya je kai ya dawo? Wannan ya shiga jeri. Sannan akwai wanda in waƙa ta ƙare, kafin ta gaba ta fara ka riga ka fara rera ta a ranka saboda jerinsu ya zauna maka, shi ma ya shiga. Sai kuma wanda kake sawa in kai kaɗai ne, iyafis a kunne, ba mai ganinka ba wanda za ka burge, wannan ma ya fi sauran faɗin gaskiya a kanka. Ni a wurina alamar da ta fi ƙarfi ita ce rashin tsallakewa, in akwai waƙoƙi goma sha biyu a ciki kana tsallake takwas to waƙoƙi huɗu kake so, albam ɗin bai zama naka ba tukuna.

Akwai wani shiri na rediyon BBC mai suna Desert Island Discs da ake yi tun 1942 har yau, ana kiran baƙo a ce masa ya ɗauka an kai shi wani tsibiri shi kaɗai, ya zaɓi faifai takwas da zai tafi da su, a ƙarshe kuma a ce in igiyar ruwa za ta kwashe su wanne ɗaya zai ceto. Abin da ya sa shirin ya daɗe haka shi ne mutum ba ya iya faɗin zaɓinsa ba tare da ya faɗi dalili ba, sai ka ji maganar mahaifiya ta fito, maganar wata tafiya, wani rashi da aka yi. Kai ma ka yi hakan, kowane albam ka rubuta layi ɗaya a gefensa na dalilin da ya sa yake wurin. Wanda ka rasa abin rubutawa sai "ai kowa ya san babba ne", cire shi.

Kuma kar ka damu in biyar ɗin ba su yi kama da juna ba, ɗaya na rawa ɗaya mai sanyi ɗaya da yaren da ko ji ba ka yi. Kai ma ai yadda kake da safe daban da yadda kake in dare ya yi.

TAMBAYA: Anti ni waƙoƙi masu sanyi na baƙin ciki nake so, ƙawata ta duba wayata ta ce wai alama ce ina da damuwa a rai kuma ni mai ƙunci ce. Da gaske waƙar da mutum yake ji tana nuna halinsa?

AMSA: Ƙanwata tana nunawa amma kaɗan, ba yadda ƙawarki ta ɗauka ba. An yi bincike a kan wannan, wanda aka fi sani shi ne na Peter Rentfrow da Samuel Gosling na jami'ar Texas a 2003, sun bi ta kan mutum sama da 3,500. Sun ga masu son kiɗa mai zurfi da sarƙaƙiya irin su kiɗan jazz da blues na Amurka sun fi karkata ga son sanin sabon abu da yawan tunani, masu son kiɗa mai zafi na rawa kuma sun fi son shiga mutane da surutu. Abin da ya fi ja min hankali shi ne masu son kiɗa mai ƙara da tsawa irin na rok, da mutane ke ɗauka masu faɗa ne, binciken bai same su da zafin rai ko ƙunci fiye da kowa ba. Kin ga ke nan yanayin da ke cikin waƙa ba lallai shi ne halin mai jinta ba. Daga baya ma a 2017 wasu masana a Jamus suka tattara bincike da yawa irin wannan suka duba, suka ga alaƙar hali da nau'in kiɗa tana da rauni sosai.

Mutane da yawa suna jin waƙa mai sanyi ne don tana kwantar musu da hankali, tana faɗa musu abin da suka kasa faɗa da bakinsu, su gama ji su tashi sakayau. Ke dai ki lura da kanki, in kin gama ji kina samun sauƙi to ci gaba da abinki. In kuma kin ga kullum ƙara nutsewa kike, barci ya gagara, ba kya son ganin mutane, to wannan ya wuce maganar waƙa, ki samu wanda kika yarda da shi ku yi magana ko ki ga likita, da gaske nake wannan.

TAMBAYA: Malama wai wa ke jin albam yanzu? Ni waƙar da ta min nake ɗauka ɗaiɗai in haɗa jerina. Ba shi ke nan ba?

AMSA: Ba laifi ɗan'uwa, jerin da ka haɗa da hannunka shi ma yana nuna ka. Asali ma waƙa ɗaiɗai aka fara sayarwa, tsohon faifan garmaho minti uku zuwa biyar yake ɗauka a kowane gefe, sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar minti 20 da ɗoriya a gefe guda, daga nan mawaƙa suka samu filin jera waƙoƙi su yi tunanin wacce za ta buɗe wacce za ta rufe. CD ya zo a 1982 da minti 74, sannan shagon sayar da waƙa ta intanet na iTunes a 2003 ya dawo da sayen waƙa ɗaiɗai. Amma mawaƙa da yawa har yanzu jerin nan yana da muhimmanci a wurinsu, a 2021 mawaƙiyar Birtaniya Adele ta roƙi masu manhajar jin waƙa ta Spotify su daina sa maɓallin da ke hautsina waƙoƙi ya zama shi ne na farko a kan albam, kuma suka yi. Abin da kake rasawa in ɗaiɗai kake tsinta shi ne waƙar nan ta bakwai ko ta tara da ba a sa ta a rediyo, ba ta tashe, amma sau da yawa ita ce mutum yake ƙarewa da so fiye da wacce ta jawo shi. Gwada ko sau ɗaya ka ɗauki mawaƙin da ka fi tara waƙoƙinsa ka ji albam ɗinsa guda daga farko har ƙarshe.

TAMBAYA: Anti na haura arba'in, duk albam da nake so na lokacin samartaka ne, na yanzu ko kaɗan ba sa shiga ta. Yarana suna cewa na tsaya a baya. Matsala ce?

AMSA: Yaya ba matsala ba ce, kusan kowa haka yake. A 2018 wani mai nazarin alƙaluma, Seth Stephens-Davidowitz, ya duba bayanan Spotify ya ga waƙoƙin da mutane suka fi riƙewa har girma su ne waɗanda suka fito suna wajen shekara 13 ga mata, 14 ga maza. Lokacin ne mutum yake fara zaɓar abu da kansa, kuma yana da lokacin da zai juya kaset ɗaya har ya fara ja. Yawan ji ɗin nan yana da tasiri, tun 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa maimaita haɗuwa da abu kawai yana ƙara sa a so shi, to tsofaffin naka sun samu ɗaruruwan ji, sababbin kuma rabin minti kake ba su ka yanke hukunci. Saboda haka ka riƙe naka da kyau, su ne suka san ka tun kana yaro. In kana son ƙara sabo a kai, ka ce wa kowane ɗaya cikin yaran ya zaɓo maka albam guda da yake ganin zai dace da kai, ka ji shi sau uku a ranaku daban-daban kafin ka ce komai, kai ma ka ba su ɗaya daga naka da sharaɗi iri ɗaya.